Waƙar Inna a Kan Jita

Ƙanwata ce ta kawo mana wannan kiɗa daga Kano, a hutun shekararta ta biyu a jami'a. Ina zaune ina duba littattafan 'yan ajina ta kanga min wayarta a kunne. Na ji mata suna ihu, jita tana ƙara kamar ana jan kwanon rufi a kan tsakuwa. Na ture wayar, na tambaye ta ko faɗa ake yi.

"Pank ake ce masa, Yaya. Mata ne ke faɗin abin da ke cin ransu, ba kwana-kwana."

Wai ita da ƙawayenta uku sun haɗa ƙungiya. Babu wadda ta iya jitar kirki a cikinsu, kuma ta ce hakan ne daidai, ba iyawa ake nema ba. Ni da nake wuni ina fama da yara su iya abu, wannan magana ta ƙi shiga kaina, har yau kuwa.

A lokacin shekara uku ke nan da rasuwar Baba. Ƙanensa, Baffa, ya haɗe 'yar gonar da Inna ke noma gyaɗarta da tasa, wai iyaka ce ta ɓace. A wajenmu gona jikin gona take, taku ɗaya ma abin magana ne. Inna ba ta kai ƙara ko'ina ba. Sai dai kullum da hantsi, in suna daka da matan gida, ta kan ɗauko waƙa: gyaɗa ta nuna a gonar mai takaba, wa ya shuka, wa ya tuge. Taɓarya na sauka, mata na amsawa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Baffa, yana ji sarai. Amma ƙa'ida ce da muka tarar: abin da mace ta faɗa a bakin turmi ba a mayar mata da amsa, ba a kuma ɗaukarsa a kai gaba. Da yamma su gaisa lafiya lau.

Ranar da ƙanwata ta saurari waƙar da kyau, har rawar jiki take.

"Yaya, ai Inna ta riga mu. Wannan ne pank na gaske. Ki ɗaukar min muryarta, ke ba za ta zarge ki ba."

Na san ƙa'idar, ba zan yi ƙarya ba. Amma gonar nan tana min ciwo, kuma na gaji da ganin Baffa yana wucewa da buhunan gyaɗa a kan babur. Na kunna ɗaukar murya, na kifa faifai a kan wayata kusa da turmi, na koma gefe kamar mutuniyar kirki.

Na tura wa ƙanwata waƙar, suka ɗora mata jita da ganguna a Kano. Bayan sati uku na je kasuwar Makoɗa, sai na ji muryar uwata tana tashi daga wayar wani ɗan acaɓa, samari na kaɗa kai. Kunya ta kama ni, daɗi ma ya kama ni, na rasa wanne zan bi. Na manta da manjan da na je saye.

A satin Baffa ya yi sallama tare da mai unguwa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce tunda magana ta bar bakin turmi ta shiga kasuwa, dole ya amsa. Aka je gona, aka taka iyaka, aka dasa gamba a tsakani. Gona ta dawo.

Ƙanwata ta kira tana ta murna, wai mata sun yi nasara. Inna kuwa tambaya ɗaya ta yi: wa ya ɗauka? Na ce ni ce. Ta ce, "To."

Daga nan ne na daina gane komai. Ta noma gonar, gyaɗa ta yi kyau. Da kaka ta auna kwano biyar ta ce a kai wa 'yan matan nan masu ihu, sun yi ƙoƙari. Na ce a raina ashe ta huce. Amma matan gida in sun hango ni sai daka ya koma taɓarya zalla, ba baki. Inna kuma ta fara aika geronta inji, ita da take cewa garin inji ba ya tuwo.

Na daure wata biyu, sannan na same ta tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki.

"Inna, ba kya daka yanzu. Ba ga gonar ta dawo ba?"

Ba ta ɗago ba.

"Ta dawo, Allah ya yi muku albarka. Baffanku ya ɗauki gona, na san ƙofar gidansa. Wurin da nake faɗin abin da na ga dama fa, da kika ɗauka, wajen wa zan je in karɓo?"