Sharaɓar Suma'ila Ga-ruwa

Suma'ila ga-ruwa ya taɓa cika baki wai ƙafarsa ta fi ta matarsa Larai kauri. Ta ɗauko zare ta auna a gaban maƙwabta. Wallahi ko zakara ya fi shi sharaɓa!

Amma a shekarun fari, da rijiyoyin Birni suka ƙafe, waɗannan siraran ƙafafun ne suka shayar da unguwa. Wani likita ya ce masa sharaɓa zuciya ce ta biyu, tafiya ke sa ta tura jini sama.

Da tsufa ya zo, Larai ta ɓoye garwarsa, wai ya zauna haka nan. Da magana ɗaya ya karɓo abarsa:

"Haba Larai, zuciyar ƙirji kin ƙwace tun ranar aure. Ta ƙafar ma sai kin tsayar?"