Turancin Hansai

Hansai ta shekara goma sha ɗaya tana share ofisoshin sashenmu a jami'a, nan Wudil. Daga Achika take zuwa kullum, ta riga kowa isowa, ta share, ta goge tebura, sannan ta zauna a bakin matakala. Ni masinja ne, saboda haka ni da ita muka fi kowa sanin malaman da ke zuwa a makare. Ba ta da surutu. In ka tsokane ta, iyaka ta ce, "Allah ya shirye ka," ta ci gaba da aikinta.

Ɗanta na fari, Lukman, birkila ne. Ya bar matarsa Suwaiba a gidan Hansai, ya bi ta Agadas ya shiga Libiya neman aiki. A kiran ƙarshe da ya yi, ya ce gobe za su hau jirgin ruwa su tsallaka Turai, in ya sauka zai kira. Bai kira ba. Tun daga nan Suwaiba ta zama ba matar aure ba, ba bazawara ba, iyayenta kuma duk Juma'a sai sun aiko a ji ko akwai labari.

Malama Deborah, 'yar Filato mai koyar da Turanci, ita ta samo lambar wata ƙungiya a Turai da ke neman waɗanda suka ɓace a teku. Duk farkon wata takan kira su, Hansai na tsaye da tsintsiya tana kallon bakinta. A wata na huɗu Hansai ta tare ni a baranda.

"Ka ga yarinyar nan? Sai ta daɗe tana magana da su, in ta ajiye waya ta ce min ba labari. Duk wannan maganar ba labari ce? Tausayina take ji. Ni kuwa da kunnena nake so in ji."

Haka aka fara karatu, bayan azahar, a ofishin Deborah. Hansai ba ta iya boko ba, sai ta riƙa rubuta Turancin da ajami a bayan tsohuwar takardar jarrabawa. Na taɓa leƙawa, wallahi kai ka ce laya ce. Deborah kuwa malama ce ta gaske, ba ta ɗaga wa ko uwar wani ƙafa. Ta dage sai Hansai ta rarrabe isowar da aka yi jiya, da wadda aka riga aka yi, da wadda ake jira.

"Mama, in kika ce 'hi arayib' kawai, ba za su san ko jiya kike nufi ko gobe ba."

"Ai ni ma ban sani ba, Malama," in ji Hansai.

Amma ta koya. "Has hi arayibd?" Wato, ya isa? Tana shara tana maimaitawa. Abin da ya fi ba ta wuya ba Turancin ba ne, sunan ne. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan". Masu wayar kuwa dole sai an faɗa musu suna. Na same ta wata rana ta fuskanci bango tana gwadawa a hankali, kamar mai haɗiyar magani. Na yi kamar ban gani ba.

Wata bakwai tana kira da kanta. Ta faɗi sunan, ta yi tambayarta, a ce mata tukuna, ta ce "tankiyu", ta miƙa wayar.

Ran wata Litinin da hantsi, matar da ta ɗauki wayar a can ta yi magana mai tsawo, a hankali. Deborah ta miƙo hannu za ta karɓa, Hansai ta kauce. Ta saurara har ƙarshe, ta ce "tankiyu". Sannan ta dubi Deborah.

"Ta ce bai isa ba. Ta ce an binne shi. Haka ne?"

Deborah na kuka ta ce haka ne. Jirgin ya kife a ranar da suka tashi, wata goma sha huɗu ke nan, sai yanzu aka tantance sunayen. Hansai ba ta yi kuka ba. Ta ƙarasa share ofisoshi biyun da suka rage mata, ta jingine tsintsiya. Ni kaina ban ji komai ba a lokacin.

Na kai ta Achika a babur. Ta ce mu fara tsayawa wajen liman, don ta ji yadda Suwaiba za ta shiga takaba, ko yau ko gobe. Aƙalla akwai abin yi: a tsefe kai, a cire 'yan kunne, a zauna wata huɗu da kwana goma. Liman ya yi salati, ya yi addu'a, ya tambayi ranar rasuwar. Ya lissafa da yatsunsa.

"Hansai, daga ranar mutuwa ake ƙirga takaba, ba daga ranar jin labari ba. Tata ta ƙare tun bara. Ko gobe tana iya komawa gidansu."

Hansai ta gyaɗa kai. Ta ciro takardar ajamin daga bakin zaninta, ta duba, ta mayar.

"To yanzu me za mu yi, Malam?"

"Sai addu'a."

Muka ƙarasa gidan. Suwaiba na tsakar gida tana daka, da sabon kitso a kanta. Hansai ta tsaya a bakin zaure tana kallonta, ba ta yi sallama ba tukuna.