Ranar da Na Ce "Tabbas" a Danau Kota

Yammacin nan ba zai taɓa fita daga raina ba, ko da yake shekaru sun ja, kuma mai yiwuwa ƙwaƙwalwata ta haɗa ranaku biyu ta mai da su ɗaya. Abin da nake da yaƙini a kai shi ne ana ruwa, irin ruwan Kuala Lumpur na bayan la'asar, wanda dogayen benaye ke ɓacewa a cikinsa kamar ba a gama zana su ba.

Lokacin ina digiri na biyu a fannin hulɗar ƙasashe. Mu 'yan Arewa muna da majalisa a wani mamak, shagon shayi da abinci da ke ƙasan benenmu a unguwar Danau Kota. Makon nan zance ɗaya ne: Amurka na shawarar kai hari Siriya. Ta shiga, ko ta tsame hannunta? Wani Dakta ɗan Kano ya dage cewa mai ƙarfi in ya ga zalunci ya yi shiru, shi ma azzalumi ne. Wani abokinmu Kirista ɗan Jos ya ce, "Dakta, je ka tambayi Iraƙi. Raba faɗa aka zo yi, aka tafi da ƙyauren gidan."

Ni kuwa amsata kullum "ya danganta". A majalisarmu kuwa, wanda ya ce bai sani ba an kayar da shi ke nan.

"Malam, kai fa wannan abin aka turo ka karantawa," in ji Dakta. "Shekara biyu kana cin shinkafar Malesiya, har yau ya danganta? Yanke mana, lah!" Har da "lah" ɗin da 'yan Malesiya ke ƙare magana da ita.

Ana cikin dariya wani maƙwabcinmu ɗan Siriya ya shigo a jiƙe. Haɗa magunguna yake karanta, mutum ne mai shiru. Muka ba shi kujera, muka koma Turanci saboda shi. Ya daɗe yana riƙe da kofin shayi bai sha ba, tururi na hawa fuskarsa. Can ya ce, "Da safe ina addu'a Amurkawa su zo, saboda ƙanena da aka kama ba a sake ganinsa ba. Da yamma ina addu'a kada su zo, domin gidanmu katanga ɗaya yake da barikin soja." Mahaifiyarsa kaɗai ta rage a gidan, tana jiran ya kira ya faɗa mata ta fita ko ta zauna. Ya dube ni. "Ɗan'uwa, an ce kai ka karanta. Za su zo?"

Kowa ya juyo. Dakta yana murmushi. Na ji kunyar a ce baƙo ya kawo tambaya majalisarmu ya tashi hannu rabbana, na kuma gaji da tsokana. Sai na ji muryata kamar ta wani, daga nesa, tana cewa, "Tabbas za su kai hari. Babbar ƙasa ba ta yin barazana irin wannan ta janye. Mahaifiyarka ta fita."

Dakta ya bugi tebur. "Yau dai Malam ya girma!" Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Ɗan Siriyan ya fita ƙarƙashin rumfa ya kira waya. Ina hangensa ta cikin ruwan, bakinsa na motsi, ba na jin komai, kamar mutumin da ake gani a mafarki.

Ba su kai harin ba. Bayan 'yan kwanaki aka canza shawara, duniya ta koma wani zancen. Tsohuwar kuwa ta riga ta ƙetare iyaka da jaka ɗaya. Masu bindiga suka tare a gidan da ta bari, hanyar komawa ta toshe. A ɗakin wata 'yar'uwarta ta rasu, a ƙasar da ba tata ba. Na sha mafarkin gidan da ban taɓa gani ba, ina bin ɗakunansa ina neman wanda zan ba haƙuri.

Da na je yi masa ta'aziyya na kasa ɗaga kai. Na ce ni na jawo. Sai ya ce daga baya an rushe rabin unguwar. "Wataƙila ka cece ta, wataƙila ka raba ta da gidanta. Ni ma ban sani ba. Da dai ranar ka ce min ba ka sani ba, da na bar ta ta zaɓa da kanta."

Har yau in aka tambaye ni ko babbar ƙasa ta shiga yaƙin wasu ko ta ƙyale, ina jin nauyin kowane ɓangare, ba ni da hukunci. Amma na koyi abu ɗaya: masu jiragen yaƙi suna iya sake shawara kafin azahar, wadda ta kulle gidanta ta fita ba ta da wannan damar. Don haka kada kunyar majalisa ta sa mutum ya faɗi abin da ya wuce saninsa.

Waɗanda suka zauna a teburin nan, in kun ga na yi kuskure ko na sassauta wa kaina a wani wuri, don Allah ku aiko a gyara.