Manang Perlita Mai Zane a Murfin Kwali

Duk ranar Lahadi, kafin mu 'yan aikatau mu gama shimfiɗa kwalaye a ƙarƙashin gada a nan Hong Kong, Manang Perlita Dumlao (Manang na nufin yaya a yarenmu) ta riga ta zauna da gwangwanayen fentinta. Sauran ranakun wanki da guga take yi a gidan mutane kamar kowa. Ba wanda ya koya mata zane. Da ragowar fentin 'ya'yan uwar ɗakinta ta fara. A cikin murfin kwalin tsarabar da muke aikawa gida take zanenta, don yaro ya ga fuskar uwarsa kafin ya ga cakulan.

Ina wurin ranar da Marivic, wata 'yar'uwarmu 'yar aikatau, ta zo a zana ta. 'Yarta Jolina, da ta baro can ƙasarmu a Ilocos tana rarrafe, ta zama budurwa, ta daina ɗaukar wayarta. Maganarta ta ƙarshe ita ce, "Ki ci gaba da jin daɗinki." Laifinmu ne kuwa, mu duka. Hoton Lahadi kaɗai muke turawa: jan baki, tabarau, dogayen benaye a baya.

Marivic ta ci kwalliya, ta gyara zama. "Manang, don Allah ki mai da ni yarinya."

"Ni mai zane ce, ba bokanya ba," in ji Manang. "Bar fuskar nan. Miƙo hannuwanki."

"Haba Manang, waɗannan? Kamar ɓawon rogo fa suke."

"Su nake so."

Ta zana su yadda suke, sabulu ya cinye fata, ga tabon dutsen guga, suna taje gashin 'yar mutane. Marivic ta ce ba za ta aika abin kunya gida ba. Manang ko kallonta ba ta yi ba, ta liƙe kwalin da kanta. Gaskiya na ji haushin tsohuwar nan ranar.

Kwali ya daɗe a jirgin ruwa. Wata Lahadi muna cin taliya, wayar Marivic ta yi ƙara, sai ga fuskar Jolina. Ko gaisuwa babu.

"Mama, nuna min hannunki."

Marivic ta ɗaga shi.

"Yana ciwo?"

"Sai lokacin sanyi, 'yata."

"Me ya sa ba ki taɓa gaya min ba?"

Ba wadda ta ƙarasa taliyarta. Manang kuwa wanke burushinta kawai take yi.

Manang, ke ce kika ga abin da muke ɓoyewa, kika ce ba abin kunya ba ne. Ba a taɓa rataye zanenki a ɗakin nuni ba, amma yana bangon gidajenmu daga Ilocos har Mindanao, muna alfahari da ke. Wata mai zuwa za ki koma gida baki ɗaya. Mun gode, uwar kwalaye, Allah ya huta gajiya.

Ku kuma 'yan'uwa, ba sai kun iya zane ba. Lahadin nan, kafin ku shafa jan baki, ku ɗauki hoton hannuwanku ku tura wa 'ya'yanku.