Sirajo Mai Sa wa Bango Riga

Sirajo magini ne a Kwaya, amma wanda ya leƙa gidansa sai ya ɗauka mai tara tsummoki ne. Tsohon gidan sauro, buhun albasa, igiyar rama, duk ya jibge. Matarsa Lubabatu ma ta daina shanya gidan sauronta a waje.

Tun yana ƙarami lakwal, wato makarantar boko, ta ƙi shi, shi ma ya ƙi ta, ya bi magina. Can ya lura da tsagar da ke kashe bango, wadda ke tashi daga kusurwar taga ta gangara a karkace. Ko an yaɓe ta, sai ta sake buɗe baki. Shi kuwa sai ya kankare wurin, ya cusa laka mai rama, ya shimfiɗa gidan sauro ciki da waje, ya kafe da ƙusa, sannan ya yaɓe.

Bara, gab da damina, ɗakin kakarsa Inna Yalwa ya yi irin wannan tsagar. Ɗanta Zubairu ya zo daga Magarya, ya ce a rushe, tsohuwa ta koma wurinsa. Ita kuwa a ɗakin nan aka kawo ta amarya.

"Maigidana," ta ce wa Sirajo, "kana zaune za a fitar maka da mata?"

"Matar da ba haƙori? Su ɗauka, na huta."

"Ja'iri. Tashi ka gyara mini ɗaki."

Zubairu ya dubi kayan aikin ya ce, "Kai Sirajo, abin da sauro ya gagara shi zai riƙe bango?"

"Baba, a ba ni damina ɗaya. In ya buɗe, da kaina zan ɗora ta a amalanke."

Sirajo ya yi gyaransa. Ruwa ya sauka, iskar gabas ta yi ta dukan bangon. Sirajo, da ba ya son kunu, ya zama kullum da safe yana wajen Inna shan kunu, yana sha yana shafa bango a sace.

Da kaka Zubairu ya dawo. Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya tarar bango ƙalau. Maimakon tsohuwa, buhun gyaɗa ya ɗaure a bayan babur ya tafi.

Inna Yalwa na nan cikin ɗakinta. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta nuna masa yaɓen, ta ce mijin nata hannunsa a karkace yake.