Hancin da Ke Riƙe da Ɗakinmu

Shekara ashirin da wani abu na yi a Makka ba ni da igama, wato takardar izinin zama. Aikin Hajji na zo daga Kano ina saurayi, jirginmu ya tashi, ni na maƙale. Abin da ya riƙe ni a garin nan hancina ne. Ba cika baki ba, idan ka miƙo mini guntun itacen ud, wanda ake turare da shi, kafin ka gama gaisuwa na faɗa maka ko na gaske ne ko icen banza ne aka jiƙa da mai.

A bayan wani kantin turare nake aiki a unguwar Mansur. Mai kantin, Mu'allim muke ce masa, jikan Hausawa ne haifaffen nan, takardunsa cif, Hausarsa rabi da rabi. Abin da ya shiga ransa shi ne ta'aliƙa: 'yan guntayen ud da ake sassaƙawa a huda a zura zare, wani ya rataya a wuya, wani a jikin carbi, wani a madubin mota. Alhazan ƙasashen gabas ke zuwa da su, wata mai siffar ganye, wata kamar kwalekwale. Masu tara su kuwa ba su da aikin yi, kuma na sha faɗa musu ido da ido. Mutum da gemunsa zai zauna yana shafa ice kamar jariri.

Da aka rushe gidan da muke ciki a unguwar Nakkasa, Mu'allim ne ya ba mu ɗaki a saman ma'ajiyar kantin, ni da matata da 'ya'yanmu mata biyu. Ranar da ya miƙo mini makulli ya kira ni ammi, wato baffa, yana dariya ya ce, "Ya ammi, muddin hancin nan yana aiki, ɗakin naka ne." Ni ma dariyar na yi.

Ido ana ruɗarsa da rini. Ruwa ma ana ruɗarsa: ud mai kyau nutsewa yake, to sai macuta su cusa wa ice dalma da danƙo ya nutse shi ma. Allura ce ba a ruɗa. Za ka ɗora ta a garwashi ta yi ja, ka zura ta cikin hudar zare inda ba za a ga tabo ba, hayaƙi siriri ya taso, ka shaƙa. Kuma ina da doka a wurin: daga an zura allura, ba mai magana, ba mai ko motsa fuska, sai na yanke hukunci. Na taɓa korar wani babban mutum saboda ya yatsine hanci kafin in buɗe baki. Kowa ya san halina, kowa ya bi.

Sai wata mura ta kwantar da ni kwana huɗu. Ranar da na tashi na ce wa matata, "Hajiya, yau ba za a ɗora tukunya ba ne?" Ta juyo ta kalle ni. Albasa take soyawa a gabana, ni ko ƙamshinta ban ji ba.

Babu abin da ban yi ba. Habbatus sauda, zuma, citta, sirace har fuskata ta saɓule. Na ɗiga zamzam a hanci. Ina da ta'aliƙa biyar nawa na kaina, waɗanda na tara cikin shekaru, ɗaya ba ta barin wuyana. Na murza ta a tafin hannu ta yi ɗumi, na shaƙa, na shaƙa, har na yi haɓo. Ice kawai. Na yi kuka a banɗaki, na saki famfo don kada yara su ji.

Sai na ƙirƙiro dabara. Duk abin da aka kawo sai in juya shi in ce, "Bar mini ita ta kwana, ud ba ya son gaggawa." In hau sama bayan la'asar, in zura allura, Hajiya ta shaƙa. Ita kuma da harshen girki take ba ni amsa. "Wannan kamar madarar da ta fara kamawa." "Wannan man shafawa ne, Malam, irin na gwangwani." Mun yi faɗa ba adadi.

"Zaƙi ko ɗaci? Ke ba ki iya magana ba ne?"

"To karɓi hancin ka ji da kanka mana!"

Amma ba ta taɓa kuskure ba. Wata bakwai muna haka. Kullum tana cewa, "Malam, ka faɗa wa bawan Allahn nan gaskiya." Ni kuma in daka mata tsawa, "In na faɗa, ina za mu kwana?" Ba mai ba marar takarda ɗaki a garin nan yanzu. Daga titi sai kame, daga kame sai jirgi zuwa Kano, garin da 'ya'yana ba su taɓa gani ba, ni ma ban san wa ya rage mini a can ba.

Wata rana bayan azahar Mu'allim ya shigo da surukinsa, wani dattijo daga unguwar Utaibiyya mai tarin ta'aliƙa cike da akwati, da abokansa biyu. Dattijon ya buɗe hankici. Wata ta'aliƙa ce baƙa wuluk, an sassaƙa mata reshen dabino, aiki mai kyau, wallahi. Wani alhaji ne zai sayar masa.

Na ce, "Bar mini ita ta kwana."

Mu'allim ya ce, "La, ya ammi. Mai ita da magariba zai wuce Jidda. Yalla, nuna musu." Ya juya yana gaya musu da Larabci cewa duk Makka babu hanci irin nawa.

Na duba jijiyoyin icen, lafiya lau. Na jefa ta a kofi, ta nutse. Na goge ta a hankali, na sake gogewa, ina jan lokaci, ina addu'ar wani ya kira salla ko wuta ta ɗauke. Allura ta yi ja. Na zura.

Hayaƙi ya taso. Na kai hanci, idona yana kan fuskokinsu, ina roƙon Allah ɗaya daga cikinsu ya motsa ko gira. Ina! Ni na hore su. Mutum huɗu sun ƙame kamar masu sahu. Sai na ga idon dattijon ya kawo ruwa, na ce a raina daɗin ƙamshi ne ya taɓa shi. Na lumshe ido, na ja numfashi mai tsawo, na yi murmushi.

"Masha Allah," na ce. "Na gaske ne. Irinsa ba ya zuwa sau biyu."

Sai ɗaya daga cikin abokan ya fashe da tari, ya tashi ya banke ƙofa. Dattijon ya toshe hanci da gefen mayafinsa. Ashe ɗakin duk ya cika da warin ƙonanniyar roba, ni kaɗai nake tsaye a ciki ina murmushi.

Da baƙi suka tafi, Mu'allim ya tsaya bai kalle ni ba. "Tun yaushe?"

"Wata bakwai."

"Wa ke yi?"

"Hajiya. Kuma ba ta taɓa kuskure ba, na rantse maka. Ka gwada ta yau ɗin nan."

"Wata bakwai ina rantse wa mutane da hancinka." Muryarsa ko ɗagawa ba ta yi ba. "Da ka faɗa mini, ya ammi. Yau a gaban baban matata!"

Na durƙusa na riƙe gefen rigarsa, mutumin da na girme wa nesa ba kusa ba. Na ce ya mai da ni mai shara, mai dako, komai. Na ce ya ɗauki ta'aliƙata duka biyar. Na ambaci sunan 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Ya zare rigarsa a hankali ya ce, "Halas, shi ke nan. Zuwa Juma'a ka kawo makulli."

Na hau matakala ina shirya yadda zan faɗa wa Hajiya. Ta buɗe ƙofa da ludayi a hannu, ta ɗan ja baya.

"Malam, me ya ƙone? Warin roba kake."

Ta matso ta shanshana rigata, ta kalli idona. Ta ajiye ludayin, ta kashe wuta, ta kira babbar 'yarmu ta ce ta sauko mata da buhunan nan da muka zo da su daga Nakkasa.