Shekarar da Inna ta hana ni zuwa wankan gida

Shekarun baya, ina ɗauke da cikin fari, mahaifiyata ta aiko mini da saƙon da ya tsaya mini a rai. Ina aure a Kazaure, ita tana ƙauyenmu can bayan Roni. Kun san al'ada, haihuwar fari gida ake komawa, uwa ta yi wa 'yarta wankan jego har a yi arba'in. Cikina na wata bakwai sai ga gwaggona, wai Inna ta ce in yi zamana a ɗakina, uwar mijina ta yi mini wankan.

Ni kuwa da ma kuka ba ya yi mini wuya. Ni ce 'yar fari, gidanmu kuma na Fulani ne, Inna ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai "ke". Na san kunya ce, amma ran nan zuciya ta ce mini ai da ma ba ta ƙaunata. Mijina ya yi lallashi har ya gaji, ya ce, "To tashi ki je ki ji daga bakinta."

Na tarar da ita a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ta ƙudundune cikin mayafi, gumi na tsiyaya. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa idonta na kan ƙwarya.

"Inna, laifin me na yi?"

"Babu."

"To kowa a yi mata a gidansu, ban da ni?"

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Sai da na fara sana'ar tawa ta kuka, sannan ta ja ni ɗaki ta tura ƙyaure.

"Wata huɗu ke nan ban ga al'ada ba," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Tun kafin nan ma wasa take mini, ta zo wannan wata ta tsallake wancan. Ga jiri, ga wani zafi da ke taso mini. Ke da goyo, ni da ciki, a gida ɗaya? Masu zuwa barka su ce me? Da wane ido zan dubi mijinki?"

Wallahi dariya ta kusa ƙwace mini, da ƙyar na danne. Matar da ta doshi hamsin, autanmu har ya shiga sakandare! Ko Baba ba ta faɗa wa ba.

Da magiya ta yarda mu je asibiti, shi ma ta ce ba na Roni ba, kada a gane ta. Kazaure muka zo. Ma'aikaciyar da ta duba ta, wata dattijuwa mai fara'a, ta yi mata gwaji ta ce, "Hajiya, babu ciki, girma ne ya zo. Haka al'ada take yi in za ta ɗauke, ta yi ta tsalle-tsalle, yau da yawa gobe kaɗan, har ta tafi. Zafin jikin ma duk shi ne. Amma in kika shekara babu, sannan kika ga jini, maza ki dawo."

Na ɗauka murna za ta yi. Muna fitowa sai ta zauna kan benci, ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Ashe na gama," ta ce.

Sai ga hawaye. Ban taɓa ganin kukan Inna ba, ko ranar da aka kai ni gidan miji. Ashe duk kunyar nan, can ƙasan ranta ta fara son abin da take zaton tana ɗauke da shi. Tausayinta ya kama ni, na zauna kusa da ita. Can ta share fuska da bakin mayafi, ta ce, "Tunda ga mu a garin, je ki haɗo kayanki mu wuce."

Da na haihu, kwana arba'in ta yi tana gasa ni da ruwan zafi da ganyen darbejiya, ina ihu tana cewa raki ya yi mini yawa. Ba ta ɗauki jaririyar a gaban mutane ba, amma da an watse sai ta sa ta a cinya, ta ƙi ba ni.

Bana tawa al'adar ta fara tsalle-tsallen. Na san ba ciki ba ne, na yi karatuna, na san komai. Duk da haka, watan farko da ta ƙi zuwa sai da na kasa ko ɗora tukunya. Ran nan na ji kunyar dariyar da na danne. Na kira Inna a waya, ban ma gama bayani ba ta katse ni.

"Taho gida ki kwana biyu," ta ce.